MARIGAYI HERBERT CHAPMAN: ƊAN MAHAƘIN KWAL DA YA RABA DAREKTOCI DA ZAƁEN 'YAN WASA

Duk wanda ya taɓa leƙa gidan kallon ƙwallo a Kano ko Kaduna ko Sakkwato ran da Arsenal take wasa, ya san irin gurbin da wannan ƙungiya ta birnin Landan ta samu a zukatan samarinmu, musamman tun daga 1999 lokacin da Nwankwo Kanu ya koma can. To amma da za a tambaye su ko wane ne ya fara ɗora ƙungiyar bisa turbar girma, kaɗan ne za su ambaci Mista Herbert Chapman. Ba laifinsu ba ne, gama mutumin ya rasu tun cikin watan Janairu na 1934. Abin da ya sa ya cancanci a waiwayi tarihinsa shi ne, shi ya fara warware wata tambaya a aikace, wadda har gobe take raba kan ƙungiyoyin wasa: tsakanin masu kuɗin da suka mallaki ƙungiya, da 'yan wasan da ke zubar da gumi, da jama'ar da ke biyan kuɗin ƙofa, wa ke da ta cewa, kuma a kan me?

An haife shi ran 19 ga watan Janairu, 1878, a wani ƙauye na mahaƙan kwal da ake kira Kiveton Park, kusa da birnin Sheffield a lardin Yorkshire, arewacin Ingila. Mahaifinsa mahaƙin kwal ne mai 'ya'ya goma sha ɗaya, a irin wannan gida kuwa yaro na tasawa rami ke jiransa. Herbert dai ya yi kai, ya sami shiga kwalejin koyon sana'o'i ta Sheffield, ya karanta aikin injiniya na haƙar ma'adinai. A wajen wasa ba shi ne gwanin gidansu ba. Ƙanensa Harry shi ya shahara, har ya ci gasar ƙasa sau biyu da ƙungiyar Sheffield Wednesday. Shi Herbert yawo ya yi ta yi, yau Grimsby, gobe Swindon, jibi Northampton ko Notts County, yawanci duk inda aikin neman abinci ya kai shi, har ya dire Tottenham cikin 1905, inda ya fi zama cikin 'yan wasan ajiya. Abin da 'yan kallo suka fi tuna shi da shi a lokacin shi ne takalminsa ruwan ɗorawa.

Cikin 1907 ƙungiyar Northampton, wadda ta yi ta ƙarshe a gasar Kudancin Ingila shekara biyu a jere, ta nemi wani abokin wasansa mai suna Walter Bull ya zo ya riƙa ta. Bull ya janye, ya ce a ba Chapman. Ta haka ya shiga aikin da ya yi suna da shi, yana da shekara 29.

Ya kamata mai karatu ya san yadda ake tafiyar da ƙungiya a wancan zamani, in ba haka ba ba zai ga girman abin da ya biyo baya ba. Ƙungiya kamfani ce, darektocinta kuwa attajiran gari ne, masu masaƙu da masu kantuna da 'yan majalisar gari. Su ke zama kowane mako su zaɓi mutum goma sha ɗaya da za su shiga fili, sau da yawa kowa yana tura nasa. Wanda ake kira manaja sakatare ne kurum: ya rubuta wasiƙu, ya sayi tikitin jirgin ƙasa, ya biya albashi. Ba wanda ke zama da 'yan wasa ya tsara musu yadda za su ɓullo wa abokan karawa, sai dai kowa ya shiga ya yi abin da ya iya. Chapman, wanda ya saba da aikin rami inda kowane leburan ke da wurin tsayawa kuma kuskuren ɗaya yana iya binne goma, ya ga wannan rashin tsari ne tsantsa. Ya lura da cewa ƙungiyarsa takan tare a gidan abokan karawa har wasa ya ƙare ba ta ci ba, sa'an nan a zo a ci ta sau ɗaya a tafi. Sai ya ja 'yan tsakiyarsa baya don a yaudaro abokan karawa su fito, in sun fito a faɗa musu ta baya da sauri. Cikin kakar 1908 zuwa 1909 Northampton ta ɗauki gasar. A can ne kuma, cikin 1911, ya ɗauko Walter Tull daga Tottenham, ɗaya daga cikin baƙaƙen fata na farko da suka yi wasan sana'a a Ingila, wanda ya sha zagin wariyar launi daga 'yan kallo. Tull ya buga wa Northampton wasa fiye da ɗari, daga baya ya zama hafsan soja, aka kashe shi a fagen fama a Faransa cikin 1918.

RUSHEWAR LEEDS CITY

Cikin 1912 ya koma Leeds City, wata ƙungiya ta rukuni na biyu da bashi ya yi wa katutu. Ya ɗaga ta zuwa ta shida, sa'an nan ta huɗu, 'yan kallo suka fara cika filin Elland Road. Sai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, aka dakatar da gasa. Cikin 1916 Chapman ya bar ƙungiyar a hannun wasu ya tafi shugabancin aiki a masana'antar harsashi ta Barnbow, kusa da Leeds. Ya dawo cikin 1918, amma bai daɗe ba ya ajiye aiki, ya kama wani a wata matatar man girki da ke garin Selby.

Abin da ya faru bayan tafiyarsa shi ne darasi mafi ɗaci a rayuwarsa. A lokacin yaƙi doka ta hana biyan baƙin 'yan wasa fiye da kuɗin hidima, amma kusan kowace ƙungiya tana yi ta bayan gida, kowa ya sani, kowa ya yi shiru. A Leeds City darektoci suka shiga rigima da juna da kuma ma'aikatansu. Ana cikin haka sai wani ɗan baya mai suna Charlie Copeland ya nemi ƙarin albashi, aka hana shi, aka sallame shi. Shi kuwa ya kwashe asirin ya kai wa hukuma cikin 1919. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila da hukumar gasa suka ce a kawo littattafan kuɗi. Darektoci suka ƙi. Cikin watan Oktoba na 1919, bayan wasa takwas kacal da fara kaka, aka kori Leeds City daga gasa, aka rushe ta, aka ba Port Vale gurbinta. Aka haramta wa mutum biyar shiga harkar ƙwallo har iyakar ransu, Chapman yana ciki.

Ran 17 ga watan aka tara wakilan ƙungiyoyi a otal ɗin Metropole na birnin Leeds aka yi gwanjon 'yan wasa goma sha shida, tare da raguna da riguna da takalma, aka tashi da abin da bai wuce fam dubu goma da 'yan kai ba. Magidanta ne masu iyali, ba su ci nanin ba nanin ta ci su, aka rarraba su garuruwa ba tare da an nemi yardarsu ba. Magoya baya kuwa, waɗanda su ma ba wanda ya shawarce su, suka wayi gari ba su da ƙungiya. Su ne suka taru suka kafa wata sabuwa, ita ce Leeds United. Ko Chapman ya san da biyan kuɗin ko bai sani ba, abu ɗaya ya fito fili a gabansa: ƙungiyar da iko ya warwatsu a cikinta, ƙaramin saɓani tsakanin darekta da ɗan wasa kan 'yan suloli yana iya kashe ta ɗungum.

Wajen Kirsimetin 1920 aka rage ma'aikata a Selby, ya rasa aiki, ga mata ga 'ya'ya. Ƙungiyar Huddersfield Town ta neme shi, ta taya shi ɗaukaka ƙara bisa hujjar cewa yana Barnbow lokacin da aka yi laifin. Aka ɗage haramcin, ya kama aiki a farkon 1921.

Ita ma Huddersfield da kyar ta sha. A ƙarshen 1919 attajirin da ke riƙe da ita, Hilton Crowther, ganin mutanen gari sun fi son wasan zari-ruga, ya ƙudura ya kwashe ƙungiyar ya haɗe ta da sabuwar Leeds United. Mutanen gari suka tashi tsaye, suka yi taro, suka bi gida gida da masaƙa masaƙa suna tara kuɗi suna sayen hannun jari, har suka tsare ƙungiyarsu. Watau Chapman ya baro garin da darektoci suka kashe ƙungiya, ya zo garin da talakawa suka ceci tasu. Tun daga nan bai ƙara ɗaukar mai biyan kuɗin ƙofa abin wasa ba.

A Huddersfield ya karɓi ragamar kome da ya shafi wasa: saye da sayarwa, horo, zaɓen wanda zai buga. Ya sayo Clem Stephenson daga Aston Villa a kan fam 4,000, mutum mai shekara talatin da ɗoriya wanda ake ganin ya gama yayi, ya naɗa shi kyaftin domin yana bukatar mai hankali da zai zame masa baki da ido a cikin fili. Ya sa 'yan ajiya su riƙa wasa da tsari ɗaya da manya, don in wani ya ji rauni wanda zai maye gurbinsa ya san aikinsa. Cikin 1922 suka ci Kofin Hukuma, suka doke Preston da ci ɗaya. Cikin 1924 suka ɗauki gasar ƙasa a karon farko, da su da Cardiff kowa maki 57, sai da aka yi lissafin ƙwallaye aka raba su da tazarar da ba ta kai ko kashi uku cikin ɗari na ƙwallo guda ba. Cikin 1925 suka sake ɗauka, ba kuwa wanda ya zura musu fiye da biyu a wasa ɗaya duk kakar. Ko da ya tafi, ginin da ya bari ya ci ta uku cikin 1926.

SARKI BIYU A GARI ƊAYA

Arsenal ta 1925 ba ta taɓa cin wani babban kofi ba, a kakar da ta wuce ma ta 20 ta yi cikin 22. Shugabanta Sir Henry Norris ne, attajirin gine-gine, tsohon magajin garin Fulham kuma tsohon ɗan majalisa, mutumin da ya ciro ƙungiyar daga Woolwich ya kai ta Highbury cikin 1913, ya kuma san yadda ya yi aka shigar da ita rukuni na ɗaya cikin 1919 alhali ba ta ci cancantar hawa a fili ba. Mutum ne da ba a yi masa musu. Manajan da ya kora, Leslie Knighton, ya rubuta daga baya cewa an hana shi sayen ɗan wasan da ya wuce fam 1,000, an kuma hana shi ɗaukar gajeru. Ko a tallar neman sabon manaja da Norris ya buga a jarida, sai da ya gargaɗi masu dogara da kashe kuɗi da kada su wahalar da kansu. Ga shi kuwa ya ƙare da ɗaukar Chapman a kan fam 2,000 a shekara, ninkin abin da yake samu a Huddersfield.

Chapman ya faɗa tun farko cewa aikin zai ci shekara biyar. Ɗan wasan da ya fara nema shi ne Charlie Buchan na Sunderland, mai shekara 33. Da aka kasa daidaitawa kan farashi sai aka yi wani ciniki na ban mamaki: fam 2,000 a hannu, da fam 100 a kan kowace ƙwallo da zai ci a shekarar farko. Ya ci 21, Arsenal ta biya fam 4,100 gaba ɗaya, fiye da abin da Sunderland ta nema tun farko.

A wannan shekara aka sauya dokar satar gida. Da, dole a sami mutum uku na abokan karawa tsakanin mai kai hari da layin raga sa'ad da aka miƙo masa ƙwallo, sai aka mayar da su biyu. Ƙwallayen da aka ci a gasar Ingila suka tashi daga 4,700 zuwa 6,373 cikin kaka ɗaya. Cikin watan Oktoba Newcastle ta lallasa Arsenal da ci bakwai ba ko ɗaya. A taron da aka yi bayan wasa, Buchan ya matsa a kan a janye ɗan tsakiya na tsakiya a mayar da shi baya ya tsare ƙofar gida, a kuma ja ɗan gaba ɗaya ya cike gurbinsa. Chapman ya karɓa, ya gyara, ya faɗaɗa, har ya zama tsarin nan da aka sani da WM, wanda duniya ta yi ta bi wajen shekara talatin. Abin lura a nan shi ne asalin shawarar daga bakin ɗan wasa ta fito, manaja kuwa bai ji kunyar karɓa ba. Daga nan zama da 'yan wasa kowane mako ya zama ƙa'ida. Akan kewaye wani tebur da aka zana fili a kansa, a tattauna kuskuren makon jiya da shirin na gobe, ƙarami da babba kowa ya faɗi ra'ayinsa.

Amma faɗin ra'ayi daban, ba da umurni daban. Cikin watan Fabrairu na 1927, ana wasan kofi da Port Vale, mai horarwa George Hardy ya tashi bakin fili ya daka wa 'yan wasa tsawa su matsa gaba, ba da izinin manaja ba. An ci wasan, amma Chapman ya sauke shi, ya ɗora Tom Whittaker, wani tsohon ɗan wasa da rauni a gwiwa ya kashe wa sana'a, wanda Chapman ya sa ya koyi aikin jinyar raunuka. Hardy mutumin Norris ne, saboda haka kowa ya gane wanda aka aika wa saƙon. A wannan shekara Arsenal ta kai wasan ƙarshe na kofi, Cardiff ta ci ta ɗaya. A cikinta kuma hukuma ta binciki littattafan ƙungiyar, ta sami Norris da laifin biyan direbansa daga aljihun ƙungiya da riƙe kuɗin motar 'yan wasa da aka sayar, ta haramta masa harkar ƙwallo. Ya kai ƙara kotu, ya faɗi cikin 1929. Akwai kuma batun kuɗin da aka ba Buchan ta bayan gida don ya yarda ya baro kantinsa na Sunderland, Chapman dai bai sha hukunci ba. Da wuya a yarda cewa mutumin da ko allura ba ta faɗuwa a Highbury bai sani ba, wannan kaɗai ya ɓace masa. Wanda ya gaji Norris, Sir Samuel Hill-Wood, dattijo ne da ya yarda aikinsa shi ne samar da kuɗi da sa hannu, sauran kuwa na manaja ne.

Kuɗin kuwa an kashe su. Cikin 1928 aka sayo David Jack daga Bolton a kan fiye da fam 10,000, abin da ba a taɓa biya ba a duniya. Bob Wall, wanda yake yaron ofishinsa a lokacin, ya ba da labarin cewa Chapman ya riga darektocin Bolton isa otal, ya ja mai raba abin sha gefe ya ce a riƙa ninka wa baƙi barasa, shi kuwa a ba shi ruwa a kofin barasa, har farashi ya sauko. Cikin 1929 aka kawo Alex James daga Preston a kan fam 8,750, da wani yaro ɗan shekara 17 daga Exeter, Cliff Bastin. Eddie Hapgood kuwa, wanda ya zama kyaftin ɗin Ingila, tallar madara yake yi kafin a gano shi.

A nan ne ake ganin iyakar adalcin zamanin. Doka ta ƙayyade albashin ɗan wasa, kome gwanintarsa, kada ya wuce fam 8 a mako lokacin wasa, fam 6 lokacin hutu. Watau albashin manaja ya haura ninki biyar na babban tauraronsa. Ɗan wasa kuma ba shi da ikon barin ƙungiya sai ta sake shi, ko da kwantaraginsa ya ƙare. Chapman bai yaƙi wannan doka ba, kewaye ta ya riƙa yi in ya ga dama. Don a shawo kan James sai aka samo masa aikin nuna kayan wasa a babban kantin Selfridges na Landan. Da James ya kasa taɓuka kome a watanninsa na farko, 'yan kallo suka fara yi masa ihu, Chapman ya ajiye shi ya huta, sa'an nan ya je har gida ya taso shi daga barci ya kai shi wasan kofi a Birmingham. Daga ranar James ya zama mai rarraba ƙwallon da ƙungiyar duka ke juyawa a kansa.

Cikin 1930, shekara biyar cif kamar yadda ya faɗa, Arsenal ta ci kofinta na farko, ta doke tsohuwar ƙungiyarsa Huddersfield da ci biyu a Wembley. Saboda shi ne ƙungiyoyin biyu suka fito fili a jere kafaɗa da kafaɗa, al'adar da ta zauna tun daga ranar. Cikin 1931 suka ɗauki gasar ƙasa da maki 66 da ƙwallaye 127, karo na farko da wata ƙungiyar kudancin Ingila ta yi haka. Cikin 1933 suka sake.

Ran 14 ga watan Janairu, 1933, wani abu ya faru da ya nuna ɗaya fuskar mutumin. Mura ta kwantar da wasu manyan 'yan wasa, sai ya jarraba yara a wasan kofi da Walsall, wata ƙaramar ƙungiya ta rukuni na uku. Walsall ta ci biyu ba ko ɗaya. Ƙwallo ta biyu daga bugun fenariti ta zo, bayan wani saurayi ɗan baya, Tommy Black, ya fusata ya kai wa abokin karawa shuri. Chapman ya ce kada ya ƙara taka Highbury, cikin mako guda aka sayar da shi ga Plymouth. Wasansa na farko ke nan a babbar tawagar, shi ne kuma na ƙarshe. Wasu biyu daga cikin yaran ma ba su daɗe ba aka sallame su. Masu yabonsa sukan ce mutuncin ƙungiya ya kare. Haka ne, amma yaron ba a ji ta bakinsa ba, ba shi kuma da inda zai kai kuka, wanda ya zaɓe shi ya sa shi a wasan kuwa ba wanda ya tuhume shi.

MAI BIYAN KUƊIN ƘOFA

Game da 'yan kallo, ra'ayinsa shi ne wanda ya ba da sulensa ya cancanci a mutunta shi. A zamanin da yawancin filaye tudun toka ne da ruwan sama ke dukan mutane a kai, an gina wa Highbury sabuwar rumfa ta yamma wadda aka buɗe a ƙarshen 1932. Ya sa lasifika don sanarwa. Ya kafa babban agogo mai nuna minti 45 don jama'a su san saura nawa, hukuma ta ce wannan raina alƙalin wasa ne, sai aka mayar da shi agogon sa'o'i. Cikin watan Agusta na 1928 ya sa wa 'yan wasansa lamba a baya don a riƙa gane su, hukuma ta hana, ba ta amince ba sai 1939. Ya nemi a riƙa wasa da dare a hasken lantarki don ma'aikaci ya samu zuwa bayan tashi daga aiki, nan ma aka hana, ba a yi irin wannan wasa a Highbury ba sai 1951. Shi ya ƙara wa jar rigar Arsenal farin hannu cikin 1933. Mafi girma duka, ya yi ta bin hukumar jirgin ƙarƙashin ƙasa har ta yarda, a ƙarshen 1932, ta sauya sunan tashar Gillespie Road zuwa Arsenal, da duk abin da wannan ya jawo na sake buga taswira da tikiti da alluna.

Sai dai kyautatawar tana da iyaka. Bai yarda 'yan kallo su sa baki a zaɓen 'yan wasa ba, kamar yadda bai yarda darektoci su sa ba. Ɗan gabansa Jack Lambert ba shi da kyan wasa a ido, jama'ar Highbury sukan yi masa ihu ko da yake ya ci ƙwallo 38 a kakar 1930 zuwa 1931. Chapman ya fito a shafin da yake rubutawa a jaridar Sunday Express ya yi tir da masu wannan hali, yana ganin ihun gida ya fi na waje karya zuciyar ɗan wasa, ya ci gaba da sa Lambert. A waje kuwa, musamman a garuruwan arewa inda masana'antu suka rufe mutane suka rasa aiki a waɗannan shekaru, an tsani Arsenal, ana yi mata laƙabi da ƙungiyar Bankin Ingila. Wannan bai dame shi ba, gama duk inda ta je fili cika yake yi.

Ranar sabuwar shekara ta 1934 ya tafi arewa duba wani ɗan wasa a Bury, kashegari ya tsaya Sheffield ya kalli ƙungiyar da Arsenal za ta kara da ita. Ya dawo da mura. Likita ya ce ya kwanta, shi kuwa ya fita cikin sanyi zuwa Guildford don ya kalli tawaga ta uku ta yaransa. Murar ta zama ciwon huhu, watau namoniya. Ya rasu a gidansa da ke unguwar Hendon kafin asubahin Asabar, 6 ga watan Janairu, saura kwana goma sha uku ya cika shekara 56. Ya bar matarsa Annie, wadda malamar makaranta ce, da 'ya'ya huɗu. Wasu 'yan wasansa a allunan masu sayar da jarida suka ga labarin suna kan hanyar zuwa fili. An yi wasan ranar da Sheffield Wednesday, tsohuwar ƙungiyar ƙanensa, aka tashi ɗaya da ɗaya a gaban taron da ya yi tsit. Bayan kwana huɗu aka binne shi a harabar cocin Hendon inda yake hidima. Jack da James da Bastin da Hapgood da Lambert da Joe Hulme su suka ɗauki akwatin gawarsa.

Ƙungiyar da ya bari ta ɗauki gasar 1934 da ta 1935, ta zama ta biyu da ta ci uku a jere bayan Huddersfield. Cikin watan Nuwamba na 1934, da Ingila ta kara da Italiya a Highbury, bakwai daga cikin goma sha ɗaya 'yan Arsenal ne. Whittaker, wanda ya ɗora a kujerar Hardy, ya zama manaja cikin 1947, ya ci gasa biyu da kofi ɗaya. An sa mutum-mutumin tagulla na Chapman, aikin Jacob Epstein, a zauren shiga Highbury, cikin 2011 kuma aka kafa wani a harabar sabon filin Emirates. Dokar ƙayyade albashi ta ƙara shekara 27 bayan rasuwarsa, sai cikin 1961 'yan wasa suka yi barazanar yajin aiki aka soke ta. Dokar riƙe ɗan wasa kuwa babbar kotun Landan ce ta karya ta cikin 1963, a ƙarar da George Eastham ya kai bayan Newcastle ta hana shi tafiya. Ƙungiyar da ya nemi komawa, wadda kuma yake buga wa wasa ran da aka yanke hukuncin, ita ce Arsenal.